Babi na Shida: Gaskiyar Gejin Iska da Mai

Da wuya ka leƙa cikin motar da aka ƙara wa inji ƙarfi, a Kalifoniya take ko a Japan ko a Ostareliya, ka rasa wani ɗan geji zagayayye maƙale kusa da sitiyari ko a jikin ƙarfen gilashin gaba. Faɗinsa milimita 52 ne galibi, kuma lambobin da ke fuskarsa ba sa zama wuri guda. Mota na tsaye inji na aiki ka ga 14.7, a take totur har ƙasa ya sauko 11.8, a ɗaga ƙafa ya haura ya ƙure. Wannan shi ne gejin haɗin iska da mai. Da abin da ya nuna mai saita inji yake yanke yawan fetur ɗin da za a riƙa fesa wa injin da aka kashe wa dubban daloli. Saboda haka tambayar ko gejin yana faɗin gaskiya ba ta ɓata lokaci ba ce, domin wani sa'in tazarar da ke tsakanin lafiyayyen inji da narkakken fistin ba ta wuce lamba ɗaya a fuskarsa ba.

Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus, ba ragowar mai ba ragowar oksijin, sai ya samu kilo 14.7 na iska. Nauyi ake aunawa, ba cika ba. Wannan daidaito shi injiniyoyi suke kira lamda 1. Idan mai ya fi haka yawa, haɗin ya yi kauri, lamda ta sauko ƙasa da 1. Idan iska ta rinjaya, haɗin ya tsinke, kamar kunun da aka cika wa ruwa, lamda ta haura. Motar kamfani tana yin mafi yawan tafiyarta a kan lamda 1 saboda tsabtar hayaƙi. Amma injin da ake matsa wa lamba kauri yake so. Wanda ba shi da turbo yana ba da ƙarfinsa mafi girma wajen 12.5 zuwa 13, mai turbo kuma akan sauko da shi 11 zuwa 12, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda, tana hana haɗin fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta gama cinye shi. Wannan fashewar ita ke fasa gefen fistin, ta ƙona gasket, ta mayar da mota gareji a kan motar ja.

Gejin yana samun awonsa ne daga wata sensa da ake ɗaurawa a salansa, amma sensar farko da ta shiga kasuwa ba ta iya auna irin wannan kaurin ba. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera ta, Volvo kuma ya fara sa ta a motocinsa a 1976 don cika dokar hayaƙi ta Kalifoniya. Ɗan yumɓun zirkoniya ne wanda idan ya yi zafi yake fitar da lantarki gwargwadon bambancin oksijin da ke gefensa biyu, bisa ƙa'idar da ke ɗauke da sunan masanin nan na Jamus, Walther Nernst. Abin da yake fitarwa tsakanin bolt 0.1 ne da 0.9, kuma yana tsallake wannan tazarar kusan lokaci guda a daidai lamda 1. Wato amsa biyu kawai ya sani, ko ya yi kauri ko ya tsinke. Ka tambaye shi kaurin ya kai nawa, 13 ne ko 11, ba shi da amsar da za a dogara da ita. Gejojin nan masu fitilu ja da kore da suka cika motocin samari a shekarun 1990 a jikin irin wannan sensa aka jona su, kuma ado ne kawai suke yi.

Sensa mai faɗin zango ta zo ne da wata dabara. Ɗaya daga cikin motocin farko da suka fito da ita daga kamfani ita ce Honda Civic VX ta 1992, da sensar NTK, domin an ƙera injinta ya yi tafiya da tsinkakken haɗi don tsimin mai. A cikin sensar akwai wani ɗan ɗaki mitsitsi da hayaƙi ke shiga ta wata ƙofa mai ramuka ƙanana. Gefe ɗaya na ɗakin akwai irin waccan tsohuwar sensa tana sa ido, ɗaya gefen kuma akwai wani yumɓun da ake tura wa lantarki yana aikin famfo. Idan oksijin ya yi yawa a ɗakin, famfon ya kwashe shi waje. Idan ragowar mai ce ta yi yawa, ya jawo oksijin ciki ya ƙona ta. Burin shi ne ɗakin ya zauna a lamda 1 koyaushe, wato mai sa idon ya tsaya a kan milibolt 450. Yawan lantarkin da famfon ya ci kafin ya cimma haka, da ɓangaren da ya nufa, su ne awon. Lantarkin ɗan ƙarami ne ƙwarai. Ko a sararin iska zalla, sensar Bosch LSU 4.9 ba ta wuce miliam biyu da rabi da 'yan kai.

Daga wannan bayanin mai karatu zai lura da abin da masu geji da yawa ba su taɓa tsayawa sun lura da shi ba. Gejin bai taɓa ganin fetur ba, bai kuma taɓa auna iskar da ta shiga inji ba. Hayaƙin da ya fito yake shinshinawa, ya ƙiyasta abin da ya faru a ciki. Duk abin da ya canja hayaƙin tsakanin silinda da bakin sensa, ko ya canja yadda hayaƙin ke ratsa ƙofar nan, ya canja lambar, alhali injin yana nan yadda yake.

Ita sensar kanta, in dai ta asali ce kuma sabuwa, ba abin raini ba ce. Takardar Bosch ta LSU 4.9 ta ce a lamda 0.8 kuskurenta bai wuce 0.01 sama ko ƙasa ba. A ma'aunin fetur, wannan yana nufin 11.76, da ƙari ko ragin kusan 0.15. Ya isa kowane irin saiti. Amma ka lura, gejin da ke nuna maka 11.76 da lambobi biyu bayan ɗigo yana nuna maka tabbacin da ko kamfanin da ya ƙera sensar bai yi alƙawarinsa ba. Kuma wannan adadin a ɗakin gwaji aka same shi, da iskar da aka haɗa da gangan, a zafi da matsi sanannu. Salansar motar da aka yi wa walda a bayan gida wata duniya ce daban.

Kuskure mai araha da kuskure mai tsada

A ganina, hanya mafi amfani ta kallon kurakuran gejin nan ita ce a tambayi ɓangaren da kowannensu ya karkata. Akwai wanda ke sa geji ya ce haɗi ya tsinke alhali bai tsinke ba. Mai saiti zai ƙara mai, mota ta riƙa shan fetur, fulogi ya yi baƙi, ƙarfi ya ragu, rarar man kuma ta riƙa wanke baƙin mai daga bangon silinda. Asara ce, amma a hankali take ci. Akwai kuma wanda ke sa geji ya ce akwai kauri alhali babu. Nan mai saiti zai rage mai da hannunsa, ransa a kwance, har ya kai injin ga halaka.

Yoyon salansa yana cikin kashi na farko, kuma shi ya fi yawa. Mutane suna zaton rami a jikin bututu hayaƙi kawai yake fitarwa. Ba haka ba ne, domin hayaƙi a dunƙule-dunƙule yake tafiya, bayan kowane dunƙule kuma akwai ɗan zuƙa, wanda ke jawo iskar waje ciki. Iskar da ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari ba ta isa ta mayar da 11.8 ya zama 12.1. Haka abin yake idan an ɗaura sensa kusa da bakin salansa, ko an zura ta ta baya kamar yadda ake yi a wasu wuraren gwajin ƙarfin inji. Lokacin da inji ke tafiya a hankali iskar waje tana kutsowa, sai an taka sosai awon yake daidaita. Injin da aka sa wa kamshaf na tsere ma yana yin wannan, domin bawul ɗin shiga da na fita suna daɗewa a buɗe tare, sabuwar iska ta wuce kai tsaye zuwa salansa.

Wanda ya fi rikita sabon shiga shi ne fulogin da ya ƙi kamawa. Silinda ta zuƙi iska da mai, wuta ba ta tashi ba, ta turo su waje ɗanye. Hankali zai ce ga fetur nan danƙam, geji zai nuna kauri. Amma oksijin ɗin da bai ƙone ba ƙanana ne ƙwayoyinsa, ya fi manyan ƙwayoyin fetur saurin ratsa ƙofar sensa, sai geji ya ce an tsinke. Mai motar ya ƙara mai, fulogi ya ƙara jiƙewa, ƙin kamawar ya ƙaru, geji ya ƙara kukan ƙarancin mai. Mutum zai iya kwana yana zagaye a nan, alhali sabon fulogi ko kwayil kawai ake buƙata.

Kashi na biyu ya fi shiru. Matsi yana cikinsa: idan matsin hayaƙi ya ƙaru, ƙwayoyi sun fi yawa a bakin ƙofar, famfon ya ƙara aiki, sai haɗi mai kauri ya bayyana da kaurin da ya fi na gaskiya. Shi ya sa ake ɗaura sensa bayan turbo, ba gabansa ba, domin a gabansa matsin kan ninka na sararin iska, zafin kuma yakan kusanci iyakar da Bosch ya gindaya, wato digiri 930 na hayaƙi.

Amma babban makafin gejin shi ne sensa ɗaya ce take sauraron silinda huɗu ko shida ko takwas. Matsakaici take bayarwa. A ce silinda uku suna kan 11.5, ta huɗu kuma nozul ɗinta ya ɗan toshe tana kan 13. Geji zai nuna kusan 11.8, lambar da kowane mai saitin turbo zai gani ya yi murmushi. Gejin bai yi ƙarya ba, kuma fistin na huɗu yana dahuwa. Ƙungiyoyin tsere masu kuɗi suna sa wa kowace silinda sensarta, ko su auna zafin hayaƙin kowacce. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya kwance fulogai ya jera su ya duba launinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi tun zamanin kafireta. Wannan tsohon ilmin bai mutu ba, kuma duk wanda ya ce geji ya maye gurbinsa bai ga inji a buɗe da yawa ba.

Tsakanin sensa da fuskar geji akwai wata na'ura da ke tafiyar da famfon da kuma hitar da ke ɗumama yumɓun. Aikin hitar ba ƙarami ba ne. LSU 4.2 tana son digiri 750, LSU 4.9 kuma 780, kuma na'urar tana gane zafin ne ta auna tirjiyar yumɓun, om 80 a ta farko, om 300 a ta biyu. Idan zafin ya kauce, awon ya kauce. Saboda haka ba a musanya su, ko da an yi dabarar soket ya shiga. A cikin soket ɗin ma akwai wata 'yar tirjiya da aka daidaita wa kowace sensa a masana'anta. Mai gyaran waya da ya yanke soket ya jefar don ya ƙara tsawon waya ya jefar da takardar shaidar sensar ke nan. A nan ne kamfanonin geji irin su AEM da Innovate da Zeitronix da PLX suke bambanta da juna, domin da yawansu sensar Bosch ɗaya suke sayowa, na'urar ce tasu.

Sai batun waya, wanda nake ganin ya ɓata saiti fiye da yadda ake zato. Yawancin gejoji suna aika wa kwamfutar inji saƙo ta waya ɗaya, bolt 0 zuwa 5. A ma'aunin da ya yi fice, bolt 0 shi ne 10, bolt 5 kuma 20, wato kowane bolt ɗaya lamba biyu ce. Idan an ɗaure wayar ƙasa ta geji a wani ƙarfe, ta kwamfuta kuma a wani, bambancin bolt 0.1 tsakaninsu abu ne mai sauƙin samuwa, musamman fanka da fitilu suna kunne. Wannan kaɗai ya karkatar da awo da 0.2, ya riga ya fi kuskuren sensar kanta. Fuskar geji ta ce 12.0, kwamfuta ta rubuta 11.8, kuma da ta kwamfutar ake gyara teburin mai. Sababbin gejoji masu aika saƙo ta layin CAN sun kauce wa wannan, domin lamba suke aikawa, ba ƙarfin lantarki ba.

Abin da ke kashe ta

Sensar da za ta yi shekaru a motar kamfani tana iya mutuwa cikin watanni a motar da aka saita, kuma ruwa ne ya fi kashe ta. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa, wanda ke fita a matsayin tururi, amma yana taruwa a bututu mai sanyi. Direba ya murɗa makulli ya tsaya yana jiran geji ya gama ɗumi, yumɓu ya kai kusan digiri 800, sannan ya tayar da inji, ɗigon ruwan sanyi ya fantsama a kai, yumɓun ya tsage. Kwamfutar motar kamfani ta san wannan, tana jinkirta zafin har bututu ya bushe. Gejin da aka jona kai tsaye da makulli bai san ko inji ya tashi ba. Saboda ruwan ne kuma Bosch ya ce a ɗaura sensa tana kallon ƙasa da aƙalla digiri 10, don kada ya kwanta a cikinta.

Sauran makasan guba ne. Dalma tana lulluɓe sinadarin filatinom ɗin da ke jikin yumɓun. An daina sayar da fetur mai dalma na motocin hanya a duniya a 2021, Aljeriya ce ta ƙarshe, amma man tsere da man ƙananan jiragen sama har yanzu wasu suna ɗauke da ita. Gam ɗin silikon da ake shafa wa gasket, da baƙin man da inji ke ƙonawa, da ruwan lagireto da ya sulale cikin silinda, kowannensu yana barin dauɗar da ke toshe ƙofar. Sensar da aka bari a salansa ba wuta a jikinta kuwa, toka ce za ta cika ta. Abin takaicin shi ne ba kasafai take mutuwa lokaci guda ba. Nauyin amsawa take fara yi, sannan ta riƙa kaucewa kaɗan-kaɗan, lambobi kuma suna ci gaba da haskawa kamar ba komai. Ga kuma jabun sensa da suka cika kasuwannin intanet da tambarin Bosch a jiki, waɗanda tun daga kwali ba a san inda suka dosa ba.

Kamfanoni sun rabu gida biyu kan maganin tsufan. Innovate ya shahara da cewa a riƙa ciro sensa ana nuna mata iska zalla, wadda oksijin ɗinta sananne ne, kashi 20.9 cikin ɗari, na'ura ta gyara lissafinta. Wasu sun dogara da tirjiyar masana'anta, sun ce in ta tsufa a canja ta. Hanyar farko tana da ma'ana, amma tana buɗe wata ƙofar kuskure, domin wanda ya yi gyaran a rufaffen gareji mai warin fetur, ko ya bar sensar a cikin bututu don ƙyuya, ya koya wa na'urarsa ƙarya da kansa. Kuma daidai a iska zalla ba ya tabbatar da daidai a lamda 0.8, inda ake buƙatarta.

Akwai wani ruɗanin da ba laifin na'ura ba ne ko kaɗan. Gejin lamda yake aunawa, sai ya ninka ta da 14.7 don ya faranta wa wanda ya saba da lambobin fetur. A Amurka masu turbo da yawa sun koma man E85, mai yawan etanol, wanda daidaitonsa kusan 9.8 ne. A lamda 0.8 haɗinsa na gaskiya 7.8 ne, amma geji zai nuna 11.8, kuma hakan daidai ne muddin mai motar ya san da wane ma'auni yake karatu. Matsalar tana zuwa ne idan geji yana kan ma'auni ɗaya, kwamfuta tana kan wani. Wannan ya fara shafar Nijeriya, inda aka shiga mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG bayan cire tallafin fetur a 2023. Daidaiton iskar gas ɗin wajen 17.2 ne, amma geji zai nuna 14.7 idan saiti ya yi kyau. Mai aikin da ya karanta 17.2 a littafi ya bi ta a fuskar gejin fetur zai tsinka haɗin har bawul su ƙone.

Wannan halin na gejin kuma shi ne babban amfaninsa. Tun da ragowar oksijin yake dubawa, ba ruwansa da abin da aka rubuta a jikin famfon gidan mai. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol Nijeriya, kuma metanol daidaitonsa wajen 6.4 ne, wato yana buƙatar mai fiye da ninki biyu. Injin da aka saita da tsabtataccen fetur, idan ya sha irin wannan man aka take shi, haɗinsa zai tsinke, gejin kuma zai nuna hakan nan take.

To yaya mutum zai san gejinsa yana kan hanya? Gwaje-gwajen masu sauƙi ne. Idan motar tana da sensarta ta kamfani tana aiki, to a tafiyar hankali geji ya kamata ya riƙa kai-komo a kusa da 14.7, domin tsohuwar sensar nan, duk da gajeren zangonta, ba ta wasa a wannan wuri guda. Idan an ɗaga ƙafa a gangara kwamfuta ta yanke mai, geji ya ƙure sama cikin hanzari, nauyin hawa alamar tsufa ce. A kunna mota a kwatanta lambar fuskar geji da wadda kwamfuta ke gani, sannan a kunna fitilu da fanka a sake dubawa. Ranar da aka je wurin gwajin ƙarfi, a kwatanta da na'urarsu. Idan sun saɓa, sai a tambayi yaushe aka canja tasu sensar, domin ita ma tana tsufa, kuma ta sha hayaƙin motoci iri-iri.

Geji na asali, da sabuwar sensa, a bututun da ba ya yoyo, da wayoyin ƙasa a wuri ɗaya, ana iya yarda da shi zuwa kusan 0.2 sama ko ƙasa. Ya fi duk abin da makanikan zamanin kafireta suka taɓa riƙewa a hannu. Amma wanda zai saita injin turbo ya bar tazarar da ta fi wannan tsakaninsa da inda fistin ke narkewa, ya riƙa duba fulogai, kuma ya sa kuɗin sabuwar sensa cikin lissafin gyaran mota tun kafin tsohuwar ta nuna alama.